Igiyar Farquhar ta tsinke ko ba ta tsinke ba?

Ɗaliba: Salamu alaikum. Daren jiya na karanta gajeren labarin Ambrose Bierce na 1890, "An Occurrence at Owl Creek Bridge", har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Lokacin yaƙin basasar Amurka, sojojin Arewa za su rataye Peyton Farquhar, mai gona ɗan goyon bayan Kudu, a gadar jirgin ƙasa a Alabama. Igiya ta tsinke, ya faɗa ruwa, ya tsere wa harsasai, ya isa ƙofar gidansa, ga matarsa tana murmushi. Ashe yana can yana lilo ƙarƙashin gadar, wuya a karye. Marubucin yaudararmu ya yi?

Malamin adabi: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bai ɓoye miki komai ba. Tun yana tsaye kan katako, ƙarar agogonsa jinta yake kamar gudumar maƙeri. Daga baya har jijiyoyin ganye yake gani daga cikin ruwa, taurarin ma baƙi ne gare shi. Son ya tsira ne ya rufe mana ido.

Mai karatun dare: Ni sojan da ya zo gidan Farquhar neman ruwan sha kafin a kama Farquhar ne ya tsaya min a rai. Ɗan leƙen asirin Arewa ne cikin kayan Kudu, shi ya kwaɗaita wa Farquhar ƙona gadar. Kuma matar Farquhar da hannunta ta ɗebo masa ruwan.

Ɗaliba: Wallahi Malam, taurarin nan na gan su, na wuce da gudu don ina so ya isa gida.