Wai wayar intanet tana jin girgizar ƙasa?

Ɗan Mamobi: Salamu alaikum jama'a, kun ji wai wayar faiba ɗin nan ta intanet da ake binnewa tana gane girgizar ƙasa tun kafin ta zo?

Baba Nima: Yaro rufa mana asiri. A 2010 ma haka aka ce tana zuwa nan Accra, muka kwana a waje kan tabarma har asuba ko ganye bai motsa ba. Gaibu sai Allah

Mai gyaran waya: Gaskiyarka Baba, ba ta faɗin abin da bai faru ba, amma ji kam tana ji. Gilashi ne a ciki siriri kamar gashi, ana harba hasken leza, kaɗan daga hasken yana dawowa baya, to in ƙasa ta motsa gilashin ya ɗan miƙe ko ya matse sai hasken da ke dawowa ya canza, na'ura ta lissafa daidai inda abin ya taɓa a tsawon wayar

Hajiya: To motocin haya na trotro da tifa masu bin hanyar Kasoa fa, su ma girgiza ne kenan?

Mai gyaran waya: Duk tana ɗauka Hajiya, kwamfuta ke tacewa. A jami'ar Stanford ta Amurka wayar da ke ƙarƙashin makarantar ta ji girgizar Meziko ta 2017. An gwada da ta Google ma, wadda ta bi teku daga Los Angeles zuwa Chile

Baba Nima: Hmm. Maris 2024 wayoyin teku suka tsinke muka rasa intanet, ko tura kuɗi ta momo da ƙyar. Wayar da ba ta tsare kanta ba ita za ta tsare ni?

Ɗan Mamobi: 😂😂 amma ai ko sakan goma aka ba mutum ya samu inda zai fake

Mai gyaran waya: Nan ne ban yarda da kai ba ƙanena. Saƙo ya fi girgiza gudu, in daga nesa ta taso ana samun 'yan sakanni. Tamu kuwa a gindinmu take, wajen Weija da McCarthy Hill, kafin wayar hannunka ta yi ƙara girgizar ta riga ta iso. Amfanin faiba ɗin a nan shi ne a san inda ƙasa ke motsi, don girgizar 1939 ta kashe mutane a garin nan lokacin ma ba waɗannan dogayen benaye

Hajiya: Ko an sani wa zai hana mai kuɗi gini kan dutsen Weija?

Baba Nima: Ni dai kada wanda ya sake tashe ni da dare