Mi ya sa masu cafe ƙwallo a besbol ke yawan zama koci?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena da ke karatu Amurka ya turo min bidiyon wasan besbol, na zauna na kalla har ƙarshe duk da rabin dokokin ban gane su ba. Wanda ya ɗauke min hankali shi ne wanga mutum da ke tsugunne bayan mai sanda, fuska cikin ragar ƙarfe, ƙirji da ƙwauri duk an ɗaure, aikinai cafe ƙwallo. Ƙanen nawa ya ce wai irinsu ne ke yawan zama koci in sun aje wasa. Ni na yi shekaru ina tsaron gida a ƙungiyar unguwarmu, kuma mu nan ba a cika ba gola koci ba, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Mi ne ne sirrin?

Malamin Arkilla:
Wa alaikumus salam. Kacha suke ce mishi. Cikin mutum tara shi kaɗai ke fuskantar fili gaba ɗaya, kamar ku gololi, amma shi aikinai ya wuce tarewa, don shi ke zaɓa ma mai jifa irin jifar da zai yi, da yatsu yake nuna mai tsakanin cinyoyi, yanzu ma har na'ura sunka samu. To ka ga dole ya san raunin kowane mai sanda, ya san halin nashi mai jifa, wanda ake lallashi da wanda sai an ɗaga mai murya, ga ƙwallo na zuwa da gudun da ya kai kilomita 150 a awa, wasa 162 a kaka. Mutum ya yi shekara goma haka ai ya riga ya koyi koci tun shina wasa. Dubi Bruce Bochy, kacha ne da galibi benci yake zama, amma ya ci World Series, wato babban kofin besbol na Amurka, har huɗu yana koci, 2010, 2012, 2014 da Giants, sannan 2023 da Rangers.

Baban Khadija:
Malam ka yi bayani, amma ni labarin Yogi Berra, shi ma kacha ne, ya fi taɓa ni. Gajere ne, ba wanda zai gan shi ya ce ɗan wasa ne, amma kofi goma ya ci da Yankees, sau uku gwarzon ɗan wasa, 1951, 1954, 1955. A 1964 sunka ba shi koci ya kai su har wasan ƙarshe, St. Louis ta cinye su a karawa ta bakwai, wadda ita ce ta raba gardama, sai kawai anka sallame shi. Ya koma ƙungiyar Mets, su ma ya kai su wasan ƙarshe a 1973. Abin da ya fi ciwo shi ne 1985, bayan ya dawo Yankees yana koci, wasa 16 kacal da fara kaka mai ƙungiyar Yankees, George Steinbrenner, ya kore shi kuma bai ko faɗa mai da bakinsa ba, aike ya yi. Wallahi bawan Allah nan shekara 14 bai taka filin ba sai da mutumin ya je har inda yake ya ba shi haƙuri a 1999. Ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Ɗan Mabera:
Allah shi saka da alheri. Yayana Baban Khadija, wannan aiken ya ƙona min rai nima. Amma Malam, in kacha ya zaɓi jifa anka buge ta waje, wa ake zargi, shi ko mai jifa?