Muhawara Kan "Mataimakiyar 'Yan Sanda"

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum, 'yan uwa marubuta. Na shafe shekara biyu ina rubuta labarin wata 'yar jarida da ta zama mataimakiyar 'yan sanda wajen gano wanda ya kashe wani ɗan kasuwa a Kano, amma editan da na kai wa ya dawo mini da shi bayan kwana uku, wai irin wannan labari na Turawa ne, Bahaushe ba zai saya ba. Ina zargin bai ma karanta ba, domin da ya karanta da ya ga matsalar da ke ciki tamu ce: an rufe mamacin kafin la'asar kamar yadda muka saba, ba a yi binciken gawa ba, abin da ya rage shi ne abin da mutanen unguwa suka gani, su kuwa sun fi sakin jiki da mai alƙalami a kan mai kaki. Shin an yi mini adalci?

Tsohon Ɗan Jarida: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi haƙuri, amma kalmar "mataimakiya" ta tsaya mini a rai. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin sa ido kan gwamnati, 'yan sanda kuwa hannun gwamnati ne. Duk ɗan jaridar da ya yarda a kira shi mataimakinsu ya ajiye aikinsa, ya koma ɗan leƙen asiri, kuma daga ranar babu wanda zai sake gaya masa magana a asirce.

Sufeto Mai Ritaya: Malam, ina ganin girmanka, amma taimako ba bauta ba ne. Wanda ya ga an yi kisa ya nuna mana hanyar da makashin ya bi, ya taimake mu, kuma ba mu taɓa ɗaukarsa yaronmu ba. Me ya sa sai an zo kan 'yan jarida ne taimakon hukuma yake zama abin kunya?

Hajiya Mai Karatu: Yallaɓai, ku duka biyun kun haɗa abubuwa biyu. "Mai taimako" daban, "mataimaki" daban. Mataimaki muƙami ne, kamar mataimakin gwamna ko mataimakin shugaban makaranta, wanda yake ƙarƙashin wani yana karɓar umarni. Da ƙanena ya rubuta "mai taimaka wa 'yan sanda" da babu wanda zai ce uffan.

Ɗan Sabon Gari: Hajiya, wannan bambanci na cikin aji ne, a bakin mutane duk ɗaya ne. Kakata takan kira maƙwabciyarta mataimakiyarta, kuma babu wanda ya naɗa ta.

Hajiya Mai Karatu: Allah ya ƙara wa kakarka lafiya, amma ba daga zancen tsakar gida ake ɗaukar ƙa'idar rubutu ba.

Tsohon Ɗan Jarida: Ku bar nahawu, ku dubi tarihi. Ranar 19 ga Oktoba, 1986, aka aika wa Dele Giwa, babban editan mujallar Newswatch, bam cikin wasiƙa a gidansa da ke Ikeja, ya mutu, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. Yaya za a ce wa mutanen da suka binne irin wannan abokin aiki su karanta labarin da ɗan jarida ke riƙe wa ɗan sanda jaka?

Sufeto Mai Ritaya: Wancan zamanin mulkin soja ne, kuma ba shi da alaƙa da wannan magana. Tunda ka tono, bari ni ma in tono. Duk ranar da kakakin runduna ya ce za a nuna waɗanda aka kama a hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, su wa ke rige-rige da kyamara? Sashe na 36 na tsarin mulkin da ka ambata ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, shi ya sa Jihar Legas ta hana wannan baje koli a dokarta cikin 2021, amma ban ga ɗan jaridar da ya taɓa ƙin zuwa ba. Idan wannan ba aikin mataimaki ba ne, mene ne sunansa? Ban ma yi zancen ambulan da ake rabawa bayan taro ba.

Tsohon Ɗan Jarida: Zancen ambulan bai dace da bakin wanda ya taɓa tsayawa a shingen bincike ba.

Sufeto Mai Ritaya: Ban taɓa aiki a kan titi ba, a sashen binciken manyan laifuka na yi ritaya, kuma ina neman ka janye wannan magana.

Sakataren Zaure: Dattawa, a yi haƙuri, lokaci ya ƙure, ga taƙaitawa. Mafi yawan masu magana sun amince cewa kalmar "mataimakiya" kuskure ce da ke zubar da ƙimar aikin jarida, kamar yadda babanmu ya bayyana da hujjoji daga tsarin mulki da tarihi, Hajiya kuma ta ƙarfafa shi ta fuskar harshe. Yallaɓai Sufeto ya kawo wasu ƙorafe-ƙorafe da ba su shafi batun ba. Ana shawartar marubucin ya gyara kalmar.

Ɗan Fagge: Na gode, amma kalmar ba ta cikin littafin ko sau ɗaya, a nan kawai na yi amfani da ita. Tambayata kan editan ce, kuma har yanzu ina jiran wanda zai karɓi babi na farko ya karanta.