Me ya hana a zuba wa hanyar Sukur siminti?

Uwar Biyu, Jimeta:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya turo mini hotunan hanyar da ke hawa dutsen Sukur a ƙaramar hukumar Madagali, duwatsu ne shimfiɗe tun daga gindi har sama, wasu sun goce, ciyawa ta fito tsakaninsu. Wurin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 1999, na farko a Najeriya, amma a ce har yau da ƙafa ake hawa? Me ya hana a zuba siminti ko kwalta? Sannan na ga furanni gefen hanyar, ja da ɗorawa. In na je ƙarshen damina, zan iya tono su in dasa a gida?

Tsohon Malami, Gulak:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Duk baƙon da ya tsaya gindin dutsen ya ɗaga kai, tambayar nan yake fara yi, musamman mai ciwon gwiwa irina.

Ki sake duban hoton da kyau. Babu laka, babu siminti tsakanin duwatsun, jera su aka yi, kowane ya danne ɗan uwansa. In aka yi ruwan Agusta, ruwa na gangarowa ya nutse ta tsagogin, ya fita ta gefe. Dutse ɗaya ya goce, maza uku su sa sanda su ɗaga shi, su cusa ƙanana a ƙarƙashi, shi ke nan. Siminti kuwa in ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya kwashe ƙasar, faifai guda zai tsage, kuma ba mai gyara shi sai an jira ɗan kwangila. Mun ga yadda kwalbatocin hanyar Michika suka ƙare.

Gyaran ma ba aikin gwamnati ba ne tun asali. Gayya ce. Bayan damina unguwanni ke fitowa, a sare ciyawa, a mayar da abin da ruwa ya ture. Da hannun da suke ɗaure gonakinsu da jeren duwatsu mataki-mataki a jikin tsauni, da shi suke gyara hanya, kuma da irin ginin aka yi gidan Hidi, sarkinsu, da ƙofofinsa, da ramukan da suke turke bajimi a ciki. Yaron da ya taya ubansa gyaran gona ya riga ya koyi gyaran hanya. Abin da ke damuna shi ne samarin na sauka Mubi da Yola neman kuɗi, masu ɗaga dutsen na raguwa.

Kuma kada ki ɗauka ƙauyanci ne ya sa suka shimfiɗa ta. Mutanen Sukur sun shahara da narka tama. Mata na tara baƙin yashin ƙarfe a rafuka bayan ruwa, maza su narka, a sayar wa maƙwabta su ƙera fartanya. Har wajen 1960 ana wannan sana'a. Hanyar fatauci ce da sarauta. Ta ga hare-haren Hamman Yaji, hakimin Madagali, wanda Turawa suka tuɓe a 1927, ta ga 'yan Boko Haram da suka hau suka ƙona gidaje a 2014, tana nan. In za a kashe kuɗi, ni dai a kai musu ruwan sha da asibiti a sama, a biya masu gyara, a bar dutse yadda yake.

Malamar Gona, Mubi:
Baba ya gama da hanya, bari in taɓa furanni. Yaya, ki yi hankali da tono. Mai ja da ɗorawa da ganyen furensa ya murɗe ya koma baya, in shi ne gatarin kurege, saiwarsa guba ce sosai, kuma ga yara a gidanki. Kariya da ke fitowa tsakanin duwatsu, mai fure ruwan hoda, ita ma ruwanta dafi ne, amma ana sayar da dashenta wurin masu fulawa a Yola, ba sai kin tumɓuke ta daji ba. Rawaya sai da rani za ki ganta, bayan an ƙona daji, furen kwance a ƙasa ba ganye.

Wanda nake roƙonki kada ki ɗauko ko da wasa shi ne mai shunayya da ke cikin gonar dawa. Ƙuduji ne, wuta-wuta. Kyau gare shi, amma jikin saiwar dawa yake tsotsa, irinsa kuma na iya shekara fiye da 10 cikin ƙasa yana jira. Kuma saiwoyin ciyawar gefen hanya su ke riƙe ƙasar da duwatsun ke zaune a kai. Kowa ya tona rami ɗaya, ruwa ya samu ƙofa.

Direban Michika:
Hajiya, kafin maganar fure, ki tambayi lafiyar hanya a Gulak ranar da za ki tafi, kada ki dogara da labarin makon jiya. Ki fara hawa da sassafe, ki sa takalmi mai kama ƙasa, ban da silifas. In kin isa sama a fara kai ki gaisuwa wurin Hidi kafin ki ciro waya.

Uwar Biyu, Jimeta:
Na gode ƙwarai. Baba Malam, to wane wata ake fitowa gayyar? Na fi son zuwana ya dace da ita.