Kalmomin Turanci da mai neman haya a Ingila ya kamata ya sani

Waɗanda suka daɗe a Ingila sun fi ja wa sababbin zuwa kunne kan kalmomin tallar gidan haya, domin a nan kuɗi ke salwanta. Idan aka rubuta pcm bayan farashi, kuɗin wata ake nufi, pw kuwa na mako ne. Deposit kuɗin ajiya ne da ake mayarwa lokacin tashi muddin ba a lalata komai ba, kuma tun 2019 doka ta hana ya wuce hayar mako 5 a yawancin gidaje. Sun kuma ce idan aka rubuta bills included, wato kuɗin wuta da ruwa da makamantansu suna cikin kuɗin haya, a tambaya ko hakan ya haɗa da council tax, wato harajin ƙaramar hukuma, wanda aka yafe wa akasarin ɗaliban jami'a.