Ina neman Hausar "bodhi" kafin labaran ƙarfe 6

Mai Fassara: Assalamu alaikum. An ba ni rahoton bikin Wesak in fassara, da yamma za a karanta. Babbar rana ce ga mabiya addinin Buddha, ana yin ta ranar da wata ya cika, yawanci cikin Mayu. Abu uku suke tunawa: haihuwar Buddha a Lumbini ta Nepal, rasuwarsa a Kushinagar ta Indiya, sai abin da suka ce ya samu a gindin wata bishiya a Bodh Gaya ta Indiya, wanda suke kira bodhi. Na sa "wayewa", amma ba ta kwanta mini ba.

Malamar Hausa: Wa'alaikumus salam. Cire wayewa, mai sauraro zai zaci birni ya shiga. Tushen kalmar farkawa ne, sunan Buddha ma "wanda ya farka" yake nufi.

Almajirin Zaure: Malama, farkawa ta yi sauƙi, ai kowa ya farka yau da asuba. Fatahi fa? Ko buɗi?

Na Damagaram: A'a, Malam. Fatahi kalmar ɗariƙa ce, daga Allah yake zuwa. Su kuwa cewa suka yi da kansa ya gano sanadin wahala da mafitarta. Ka jingina musu abin da ba su faɗa ba, ka kuma ɓata wa namu rai. Shi ya sa ban yarda da masu cewa "Mauludin Buddha" ba.

Baba Malami: Kullum sai mun ruga Larabci, kamar Hausa ba ta da baki! Na sha faɗa, "haskakuwa" ita ce daidai. A Sri Lanka ma fitilun takarda suke ratayewa a ranar.

Almajirin Zaure: Baba, Allah ya ƙara girma, ai "malami" ma daga Larabci ta fito.

Baba Malami: Ta zama tamu, yaro. Fatahinka har yanzu baƙuwa ce a kasuwa.

Malamar Hausa: Haskakuwa bin Turanci ne, Baba, su suka kawo zancen haske.

Mai Fassara: Jama'a, lokaci na tafiya. Sauran ya sauƙaƙa: fararen kaya, rumfunan abinci kyauta a Sri Lanka, rufe mahauta da wuraren sayar da giya, da amincewar Majalisar Ɗinkin Duniya da ranar a 1999. Zan rubuta "farkawar zuci, a cewar mabiyansa".

Baba Malami: To, a yau dai ta wuce. Amma in ƙamus za a rubuta, ban sa hannu ba.

Na Damagaram: Kada dai editanku ya yanke "a cewar mabiyansa".