Neman shawara: ɗan wasanmu ya kira abokinsa biri, koci yana so a binne maganar

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a Amurka, ina buga wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantar, kuma ni ne mataimakin kyaftin. Makon jiya wani ɗan wasanmu Bature ya tura hoton biri a zauren hirarmu na waya, ya rubuta sunan mai tsaron bayanmu, wani yaro ɗan Gana, a ƙarƙashin hoton. Wasu suka sa alamar dariya, sauran suka yi gum. Yaron ya fice daga zauren, washegari bai zo atisaye ba.

Koci ya kira ni da kyaftin ya ce a kashe wutar a cikin gida: mai laifin ya ba da haƙuri a ɗakin sauya kaya, magana ta wuce. Kowa ya san dalili. Mai laifin shi ya fi kowa zura ƙwallo, ga zagayen sili ɗaya ƙwale ya matso. Raina bai kwanta da wannan ba, amma ina tsoron tallafin karatuna, don ta hannun koci yake bi. Me ya dace ƙungiya ta yi a irin wannan hali, ni kuma me zan yi?

Wani malamin jami'a: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai ka ɗauki hoton saƙon ka ajiye, da rana da lokaci, don irin wannan saƙo da wuri ake goge shi. Sannan ka sani maganar ta fi ƙarfin koci shi kaɗai. Sashe na shida na dokar haƙƙin jama'a ta 1964, wanda ake kira Title VI, ya hana nuna bambancin launin fata ko asalin ƙasa a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma kusan duk jami'o'in ƙasar suna karɓa. Dokar ba ta ware ɗalibai baƙi ba, ta kuma hana a rama wa wanda ya kai ƙorafi. Makarantarku tana da ofishin da ke karɓar irin wannan ƙara a wajen sashen wasanni, can ya kamata maganar ta je. In sun yi sakaci, akwai ofishin kare haƙƙi na ma'aikatar ilimi ta tarayya, wa'adin kai ƙara can kwana 180 ne. Batun tallafi kuwa, a ƙa'idar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ba a rage shi ko a soke sai an rubuto maka, an kuma ba ka damar kare kanka gaban wasu da ba ma'aikatan sashen wasanni ba.

Wata uwa: Ɗana, ni tambayata ɗaya ce: ka je wurin yaron nan? Duk bayaninka kan koci ne da mai laifi. Wanda aka ci wa mutunci yana zaune shi kaɗai a ɗaki, dubban mil daga uwarsa, ya ga abokan wasansa suna dariya. Ka je yau, ka tafi masa da abinci, ka ji abin da yake so. Kada ku shirya taron ba da haƙuri ku tsayar da shi gaban mutum talatin ana jiran ya ce ya yafe. Wannan ƙarin wulaƙanci ne.

Wani dattijo: Ni dai na ce a bi a hankali. Mai laifin nan yaro ne, wataƙila ko shekara ashirin bai kai ba. In ya gane kuskurensa ya tuba, sulhu alheri ne. Kai kuma baƙo ne a ƙasar mutane, karatu ya kai ka.

Tsohon ɗan wasa: Baba, a gafarce ni, sulhu alheri ne amma yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ce, koci ba shi da ikon yafewa a madadinsa. Kuma yafiya daban, hukuncin ƙungiya daban. Ɗan wasan da ya makara atisaye ana zaunar da shi a benci, to yaya wanda ya kira ɗan uwansa biri zai shiga fili ranar Asabar kamar ba a yi komai ba? A ganina a dakatar da shi yanzu har a gama bincike, ko da za a fitar da ku daga gasar. In aka bar shi saboda ƙwallayensa, an nuna wa kowane baƙar fata a ƙungiyar matsayinsa ke nan.

Ba sabon abu ba ne kuma. A 2008 jami'ar Texas ta sallami Buck Burnette daga ƙungiyar ƙwallon Amurka ana tsakiyar kaka, saboda kalaman wariya da ya sa a Facebook bayan Obama ya ci zaɓe. A 2016 jami'ar Columbia ta dakatar da wasannin 'yan kokawarta kan saƙonnin da suke tura wa juna a waya, jami'ar Princeton kuma ta soke sauran kakar 'yan ninƙayarta maza kan irin wannan. Ni ban goyi bayan a hukunta ƙungiya gaba ɗaya ba, don wanda aka zalunta ma sai ya rasa kakarsa. Amma masu alamar dariyar nan a kira su ɗaya bayan ɗaya, su ma suna da abin amsawa.

Malamin jami'ar: In ƙara a kan wannan, rufa-rufa ba ta taimakon makarantar kanta. A jami'ar Iowa, tsofaffin 'yan wasa baƙar fata sun fito a 2020 suna ba da labarin abin da suka daɗe suna haɗiyewa. Mai horar da ƙarfin jiki, Chris Doyle, ya bar aiki, a 2023 kuma aka sasanta ƙarar da wasunsu suka shigar a kan dala miliyan 4 da ɗoriya. Tun ran gini tun ran zane. Kada kuma ka raina ƙarfin 'yan wasa in sun haɗa kai: a jami'ar Missouri, a Nuwamban 2015, 'yan wasa kusan 30 suka ce ba za su buga ba saboda yadda ake wasa da ƙorafin wariya, kocinsu ya mara musu baya, cikin kwana biyu shugaban jami'ar Tim Wolfe ya yi murabus. Ba na ce ku ƙaurace wa wasa ba. Ina nufin kada ka koma wurin koci kai kaɗai, ka tafi da kyaftin da wasu biyu ko uku, har da Turawa a cikinsu, sannan ka bi bayan zaman da imel don a sami shaida a rubuce.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Mama, na je wurinsa da daddare. Ya ce ba ya son taro, yana so a kai maganar ofis, amma ba ya so a ce shi ya jawo wa ƙungiya asara. Na ce masa ni da kyaftin za mu kai da sunanmu. Baba, na ji nasiharka, zan yi magana da ladabi. Gobe da safe za mu ga koci mu sanar da shi kafin mu wuce ofishin. Malam, in na rubuta imel ɗin zan turo maka ka duba mini kafin in aika.